Ranar da Aka Yi wa Ɗakin Baffa Sutura

Baffana ya rasu a cikin ɗakinsa da ke Tudun Wadar Kaduna a tsakiyar bazara, yau shekara uku ke nan, kuma sai da ya kwana uku kafin wani ya sani. Na daɗe ina jin nauyin faɗar wannan magana, domin a wurinmu abin kunya ne a ce dattijo yana da dangi a gari ɗaya da shi, amma ya cika shi kaɗai har sai wari ya sanar da maƙwabta. Abin da ya sa na daure na rubuta labarin shi ne mutum biyar da suka zo bayan an yi jana'iza, suka yi mana aikin da mu 'yan uwansa muka kasa, waɗanda har yau ban taɓa jin an ambaci irinsu a huɗuba ko a rediyo ba.

Baffa ƙanin mahaifina ne, kuma a hannunsa na yi karatun sakandare. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya sami aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a sashen da ake buga zane a jikin atamfa, inda ya yi fiye da shekara ashirin. Tun da aka buɗe babbar masaƙa ta farko a 1957 wasu suka biyo baya, Kakuri ta zama wurin cin abincin dubban gidaje, kuma na tashi na tarar idan aka busa tashi daga aiki, kekuna kan cika titi har mota ba ta samun wurin wucewa. Ina so a san cewa Baffa mutum ne mai tsabta. Shi da kansa yake goge kaftaninsa da dutsen guga na gawayi, kowace Juma'a sai ya wanke kekensa ya shafa masa mai, kuma ya sha dawo da ni daga bakin ƙofa don kawai ban wanke silifas ɗina ba. Na faɗi haka ne saboda waɗanda suka san shi a ƙarshen rayuwarsa kaɗai, waɗanda suka riƙa kiransa ƙazami a bayan idonsa.

A rikicin watan Fabrairu na shekarar 2000 aka ƙone gidan da yake haya a kudancin gari. Shi da matarsa, wadda muke kira Inna, suka tsallako gada da kayan jikinsu kawai, kamar yadda dubban mutane suka tsallaka, wasu suka yo arewa wasu suka yi kudu, garin ya rabu a kan kogi. Bayan ƙura ta lafa ya koma ya duba, ya dawo da wata langa guda da wuta ta cinye fentinta. Ya kama ciki da falo a wani gidan haya a Tudun Wada, ya ci gaba da zuwa aiki, sai kuma masaƙun suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, tasu ma ta bi sahu. Ba a daɗe ba Inna ta kwanta ciwo ta rasu, kuma Allah bai bar musu ɗa ba.

Daga nan ne tara kaya ya fara, a hankali ta yadda babu wanda ya lura. Da farko gwangwanayen madara ne da ledoji, yana wanke su yana jerawa. Sai tsofaffin jaridu, Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, ɗauri-ɗauri. Sai matattun rediyoyi, da sassan keke da yake tsintowa a kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Panteka, da takalma wari-wari, da galan-galan, da buhunan ƙyallaye. Idan aka yi masa magana sai ya ce wata rana za su yi amfani, idan aka matsa sai ya ce, "Wanda bai taɓa tsallake gada da riga ɗaya ba, ba zai gane ba." Cikin 'yan shekaru falon ya cika har ya rufe taga, babu abin da ya rage sai wata siririyar hanya da mutum zai bi a karkace ya kai ga gado. A cikin dangi wasu suka ce rowa ce, wasu suka ce rikicin tsufa ne, Gwaggo kuwa, wato ƙanwarsa, ta tsaya a kan cewa iska ce ta taɓa shi, har ta riƙa aiko da rubutu da hayaƙi daga Zariya.

Kuskuren da ya fi ci mini rai ni na yi shi da hannuna. Wata shekara ciwon suga ya kwantar da shi a asibiti kwana biyar, sai na ga dama ta samu. Na ɗebo samari huɗu, na yi hayar a-kori-kura, muka kwashe falon tas a yini guda, na sayar wa 'yan bola jari abin da suke so, sauran muka kai juji. Na share, na wanke, na sayo sabuwar ledar ɗaki na shimfiɗa, ina ta murna ina jiran a sa mini albarka. Da na dawo da shi ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ya zauna a kan dakali, ya ce da ni cikin muryar da ban taɓa ji daga bakinsa ba, "Ɗana, sau biyu ke nan ana ƙone mini gida." Washegari ya canza kwaɗo. Tun daga ranar bai sake bari na shiga ba, a kan benci a waje yake karɓar gaisuwata, kuma kafin shekara ta zagayo ɗakin ya cika fiye da da. Ni ma sai ƙafata ta yi nauyi. Zuwan mako-mako ya koma na wata-wata, daga baya ya koma aiken kuɗi ta hannun mai shagon bakin layi, alhali kuwa tun muna yara ake gaya mana zumunci a ƙafa yake.

Mai shayin unguwar ne ya fara tambaya, don safiya uku bai gan shi ba. Ladan ma ya lura babu shi a sahu, amma kowa ya ɗauka ya tafi Zariya wurin Gwaggo. A rana ta uku matan gidan suka ga ƙudaje sun yi baƙi a jikin tagarsa. Aka kira mai unguwa, aka kira 'yan sanda, aka kira ni. Da aka fasa ƙofar ba ta buɗu ba sai kamar faɗin tafin hannu, saboda tarin kaya ya zube a bayanta, dole sai ƙarfen tagar uwar ɗaki aka cire. Bayan hukuma ta gama nata binciken, liman ya ce tunda jikin ba zai jure cuɗawa ba, a kwarara ruwa kawai a hankali, aka naɗe shi a leda kafin likkafani, aka yi masa salla, muka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Abin da na lura da shi, ko a cikin wannan ruɗani, shi ne babu wanda ya tsaya tambayar me za a yi. Masu wanka sun san aikinsu, mai ɗinkin likkafani ya san nasa, masu haƙa kabari sun riga mu isa. Addini da al'ada sun tanadar wa gawa komai tun kafin a haife mu. Ɗakin da aka fitar da ita ne babu wanda ya san ta kansa.

Muna zaman makoki a gidana da ke Kawo saƙo ya riƙa zuwa daga gidan hayar, inda iyali shida suke zaune a tsakar gida ɗaya, cewa yara suna amai, mata sun kasa girki, wasu sun koma kwana a gidajen dangi. Ni da ƙanena muka ɗauki tsintsiya da bokiti da kwalbar Izal da turaren wuta, muka ɗaure hanci da hankici, muka shiga ta taga. Ba mu yi minti uku ba. Abin da na gani a kan katifar nan, wato shatin jikin mutumin da ya goya ni a bayan kekensa, ba zan bayyana shi ba, kuma da a ce ana iya goge abu daga ido da na biya ko nawa ne. Na fito na durƙusa a bakin kwata. A nan wani daga cikin masu kallo ya kawo shawara cewa a samo almajirai manya a ba su ɗan wani abu su kwashe, kuma ina shaida wa Allah cewa saura ƙiris in yarda. Wata ma'aikaciyar jinya da ke zaune a layin ce ta tsawatar mana. Ta ce mutumin nan shekara nawa yana yi wa kansa allurar suga, ina kuke zaton alluran suke, kuma 'ya'yan wa za ku tura su dama wannan da hannu tsirara? Ita ce ta ba ni lambar wani dattijo, tsohon duba-gari da ya yi ritaya, wanda ta ce shi da yaransa irin wannan aikin suke yi.

Ya zo bayan la'asar a kan wani tsohon babur, farin gemu, ba shi da yawan magana. Bai fara da ɗakin ba. Ya zauna ya yi mana ta'aziyya, ya yi wa mamacin addu'a, ya tambayi sunansa da sana'arsa da ciwon da yake fama da shi da kwanakin da ya yi, sannan ya tambayi su wane ne magada. Na ce masa Gwaggo ce da mu 'ya'yan wansa maza. Ya ce to duk abin da ke cikin ɗakin nan, har gwangwanin da ya yi tsatsa, dukiyar gado ce, ba shi da ikon zubar da ko ɗaya sai da izininmu a rubuce, mai unguwa kuma ya zama shaida. Ya leƙa ta taga ya daɗe yana dubawa, ban ga ya toshe hanci ko ya yamutsa fuska ba, ko da yake na san abin da yake shaƙa. Da ya juyo ya ga yadda nake sunkuyar da kai, sai ya ce, "Malam, mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani. Mu ma haka muke. Abin da muka gani a ɗakin nan, a nan zai tsaya." Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri," ban iya ƙara komai ba.

Ya gindaya sharuɗɗa. Za a ɗaura tampol a raba tsakar gidan biyu don kada a yi kallo, babu wanda zai ɗaga waya ya ɗauki hoto, har yaransa wayoyinsu a aljihun babur suke yini, kuma mutum ɗaya daga cikin magada zai zauna a waje a riƙa nuna masa kaya yana yanke hukunci. Ya hana ni sake shiga ɗakin har sai sun gama. A lokacin na ji kamar an rage mini matsayi, amma yanzu na san rahama ce ya yi mini.

Suka fara washegari da an idar da sallar asuba, shi da maza uku da mace ɗaya wadda ta yi shekaru tana aikin shara a asibiti. Kowa ya sa takalmin roba mai dogon wuya, da rigar kariya, da safar hannu biyu, siririya a ciki mai kauri a waje, da takunkumi da tabarau. Wanda ya san zafin Kaduna kafin saukar ruwan farko zai gane abin da ake nufi da mutum ya rufe jikinsa ruf a cikin ɗakin da babu iska, don haka sukan fito lokaci-lokaci su cire safa, su wanke hannu, su sha ruwa, gumi yana zuba daga hannun riga kamar an kwara musu buta. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu wanda ya taɓa tsintsiya. Sai da suka fesa ruwan magani a kan komai ya jiƙe tukuna. Dattijon ya bayyana mini cewa ɗakin cike yake da kashin ɓera da fitsarinsa, kuma ta nan ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, wadda ta fi yawaita da rani. Wanda ya yi shara a bushe, in ji shi, ya tayar da ƙurar ne ya shaƙa. Na tuna yadda na sa samari huɗu suka yi yini guda suna share wannan falon babu ko ƙyalle a hancinsu, jikina ya yi sanyi.

Yana haɗa maganin a gabana yana koya mini, kamar wanda yake so ilimin ya wuce shi. Sinadarin wanke kaya irin su Hypo da Jik da ake sayarwa a shago yana da ƙarfin kashi 3.5 cikin 100, saboda haka idan jini ne ko ruwan jiki, awo ɗaya ake zubawa a awo shida na ruwa, a bar shi a wurin kamar minti 10 kafin a goge. Sai an fara kwashe ƙazantar an wanke da omo, domin datti yana kashe ƙarfin maganin, kuma kullum sabo ake haɗawa, na jiya ba ya aiki yau. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in gauraya shi da maganin wanke masai, don hayaƙin da ke tashi yana iya shaƙe mutum a cikin rufaffen ɗaki. Game da turaren wutar da na zo da shi kuwa, ya ce wari kawai yake rufewa, alhali ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a cikin busasshen jini, ba ta kuma da wari balle a ji ta.

Maganar ma'aikaciyar jinyar nan ta tabbata. Alluran suna ko'ina, a cikin gwangwanaye, a ƙarƙashin filo, a tsakanin jaridu, wasu babu murfi. Da awartaki suke ɗaukar su ɗaya-ɗaya suna jefawa a cikin kwalin nan mai ruwan ɗorawa da ake ajiyewa a ɗakin allura, don a kai inda ake ƙona sharar asibiti. Katifa da filo da tabarma da ledar ɗaki, duk abin da ya sha ruwan jiki, suka yayyanka suka zuba a leda biyu-biyu suka ɗaure. Na tambaya me ya sa sai an yanka katifar, sai ya ce idan aka jefar da ita a juji da rana, kafin magariba wani ya ɗauke, a yi mata sabuwar riga ta koma kasuwa, wata amarya ta kwanta a kai. Da suka ɗaga gadon suka tarar ruwan ya bi tsagar daɓe ya shige ƙasa, wanda ke nufin ko shekara za a yi ana wankewa warin ba zai fita ba. Sai da suka fasa wurin suka kwashe, suka zuba magani, aka bar shi ya bushe, sannan aka kira birkila ya yi sabon daɓe.

Ni kuwa ina zaune a bayan tampol, ana fito da rayuwar Baffa buhu-buhu ana zazzagewa a gabana. Matar nan ce mai tantancewa, kuma ban taɓa ganin haƙuri irin nata ba. Babu ɗaurin jaridar da ba ta kwance ta karkaɗe ba, babu aljihun da ba ta laluba ba, babu gwangwanin da ba ta buɗe ba. Duk takardar da ta ga aya ko sunan Allah a jiki sai ta ware ta gefe a cikin kwali mai tsabta, don a kai wa liman. Kuɗin da aka samu a gwangwanaye, har da tsofaffin takardun naira 20 na kafin a koma na leda a 2007 da sulallan da aka daina karɓa, a gabana da gaban mai unguwa aka ƙirga aka rubuta. Ta samo wani ƙaramin littafi inda ya rubuta bashin da ake binsa, na mai shayi da na mai kemis, kowanne da ranarsa, muka biya su kafin a yi maganar rabon gado.

A rana ta biyu aka fito da buhunan ƙyallaye, na ɗaga hannu na ce a wuce da su. Sai ta tsaya, ta ɗauko ɗaya ta juya shi, ta ce, "Malam, waɗannan ba tsumma ba ne, dubi bayansu." Kowane ƙyalle an yanke shi daidai kamar tafin hannu, an manna masa 'yar takarda da allurar kati, an rubuta shekara da fensir a cikin rubutun Baffa. Zanen atamfofin da sashensu ya buga ne. Ashe duk shekarun nan da muke ganinsa yana yawo a wurin teloli da 'yan gwanjo a Kasuwar Barci yana tsintar abin da ya faɗi ƙasa, aikin hannunsa yake bi yana tattarawa, zane bayan zane, tun daga shekarar da ya fara aiki. Akwai shekarun da babu ko ɗaya, kuma na san dalili, domin na tuna buhu biyu irin waɗannan da na jefa a bayan a-kori-kura da hannuna. A nan ne kukan da ban yi a maƙabarta ba ya zo. Dattijon ya ɗaga wa yaransa hannu aka dakatar da aiki, ya cire safarsa, ya wanke hannu, ya zo ya zauna kusa da ni a kan benci. Bai yi mini wa'azi ba. Ya dai ce ya ga irin wannan ɗaki a gidajen masu hali da na talakawa, na Musulmi da na Kirista, a arewacin kogi da kudancinsa, kuma sau da yawa idan ya tambaya sai ya ji akwai wata babbar asara a baya. Sannan ya tambaye ni ko na karya, ya aiki yaro ya sayo mini koko da ƙosai.

Akwai abin da ya ɓata mini rai a waɗannan kwanaki, kuma ba zan ɓoye shi ba. Mutanen gidan da ake yi wa wannan aiki domin su sami damar komawa ɗakunansu sun hana ma'aikatan taɓa butocinsu, sai da na sayo musu nasu. Wani ya miƙo hannu zai gaisa da dattijon, da aka raɗa masa ko wane ne sai ya janye. Matar ta gaya mini cewa a unguwarsu babu wanda ya san aikin da take yi, ta ce musu aikatau take zuwa, don tana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba. Mutanen da suka fi kowa a layin nan sanin yadda ake wanke hannu su ne ake ƙyama, kuma masu ƙyamar su ne jiya suka ga dacewar a tura almajirai. Muna girmama mai wankan gawa, kuma ya cancanta, amma ban ga abin da ya raba aikinsa da na waɗannan bayin Allah ba, in ban da cewa nasu ya fi daɗewa kuma ya fi haɗari.

Kwana uku suka yi. An kwashe shara mota shida, ƙarafa aka kira masu saye daga Panteka aka zuba kuɗin a cikin gado, aka wanke bango aka yi feshin kyankyaso da kuɗin cizo, aka shafa farar ƙasa. Kuɗin aikin gaba ɗaya bai kai abin da muka kashe a abincin zaman makoki ba, kuma da na ƙara masa tukuici ya raba wa yaransa a gabana bai ɗauki ko sisi ba. Ranar da Gwaggo ta zo, ya riga ya sa an wanke abubuwan da za su wanku an shanya su a rana, an jera su a kan sabuwar tabarma: hulunansa, da carbinsa, da katin shaidar masaƙa mai hotonsa yana saurayi, da langar nan da wuta ta ci, wadda aka samu a ƙarƙashin gado naɗe a cikin ɗankwalin Inna. Wannan kaɗai Gwaggo ta gani daga ɗakin ɗan uwanta. Ta ɗauki hula ɗaya ta rufe fuskarta da ita, ta daɗe a haka. Ƙyallayen kuwa ta tafi da su Zariya, ta sa tela ya haɗa su bisa jerin shekarunsu ya yi mata abin rufa.

Bayan mako guda dattijon ya kira ni a waya, ba don ciko ba, sai don ya ji ko ina samun barci. Na gaya masa gaskiya cewa ba na samu, kuma warin yana biyo ni har cikin masallaci, ko da yake kowa ya ce babu wani wari. Ya ce kada in zauna da shi, in je in ga likita, shi ma ya taɓa zuwa. Na yi ta jan ƙafa saboda abin da mutane za su ce idan suka gan ni a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, daga baya dai na je, kuma na sami sauƙi. A can ne, ina ba da labarin Baffa, likita ya shaida mini cewa abin da ya same shi ciwo ne sananne mai suna, wato larurar kasa rabuwa da kaya, wadda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ware a matsayin ciwo mai zaman kansa a 2013, kuma tana cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022. Ya ce mai wannan larura yana jin zafi na gaske idan aka raba shi da kayansa, kuma kwashewa da ƙarfi ba ta warkarwa, yawanci ɗakin yakan sake cika, amanar da ke tsakani kuma ta tafi. Abin da ke taimakawa shi ne a tafi da shi a hankali da yardarsa, a fara da abin da zai kare ransa, kamar hanyar fita da nisanta kaya daga wuta, tare da ganin likita.

Akwai wani dattijo a bayan masallacinmu na Kawo, tsohon direba, wanda na lura tagarsa ta toshe da kwalaye daga ciki. Na fara zuwa gaishe shi kowace Juma'a, a waje muke zama, ban taɓa ambatar ɗakin ba. Da muka saba na roƙe shi ya bar makulli ɗaya a hannun ladan, muka kuma yi yarjejeniya cewa duk ranar da ba a gan shi a sallar asuba ba za a ƙwanƙwasa masa ƙofa kafin hantsi. Sai bayan wata huɗu ya ce in leƙo in ga wani rediyo da yake so a gyara. Na ga hanyar da ke tsakanin gadonsa da ƙofa, na ce, "Baba, ko za ka yarda mu ɗan faɗaɗa nan wurin, saboda dare?" Ya yi shiru, sannan ya ce buhu ɗaya. Shi ya zaɓi abin da zai shiga ciki, ni riƙe bakin buhun kawai na yi, da safa a hannuna. Da na kai bakin ƙofa ya kira ni, ya sake kwance buhun, ya ciro wata tsohuwar buta mai fasasshen baki ya mayar ciki, ya ce in tafi da sauran, mu haɗu Juma'a mai zuwa.